Ƙyallen Kafet a Jikin Bishiya

Abin ya daɗe yana yi wa Verna Lindqvist susa a rai. Ita dai kafet take sayarwa a wani ɗan gari da ke gindin duwatsun Montana, kuma ta san kowa da girman falonsa. Amma duk kaka sai wata ma'aikaciyar gandun daji mai suna Noreen Etchart ta shigo, ta wuce sababbin kaya ko kallo, ta durƙusa gaban kwandon ragowa tana tsintar guntaye masu kaushi, kowanne bai fi tafin hannu ba.

Ranar da haƙurinta ya ƙare, Verna ta dafe kwandon.

"Noreen, yau sai kin faɗa mini. Ɗakin ɓera kike shimfiɗa wa kafet?"

Noreen ta yi dariya. "Na kyanwa ne, Misis Lindqvist. Idan kina da takalmin hawan dutse, ki shirya ranar Asabar."

Kyanwar da take nufi ita ce linkis, wata kyanwar daji mai tuntu a kunne, wadda aka ce ta kusa ƙarewa a dajin gwamnati da ke saman garin. Verna ta ba ƙanenta Wendell labari. Shi sana'arsa sare itatuwa, kuma yana jiran izinin rage itatuwan wani kurmi a dajin. Ya taɓe baki.

"Yaya, tun ina saurayi nake cikin dajin nan, ko wutsiyarta ban taɓa gani ba. A ofis aka haife ta, a ofis take kwana."

"To zan je in gaishe maka da ita."

Asabar ta zo da dusar ƙanƙara ta farko, siririya kamar an barbaɗa gari. Suka bar mota inda hanya ta ƙare, suka kutsa cikin ƙananan bishiyoyi masu cunkoso, rassa na marin Verna a fuska. Noreen ta ce nan ne gidan zomaye, kuma inda babu zomo babu linkis, don kusan shi kaɗai ne abincinta.

Can sai Verna ta hango wani abu yana walƙiya. Farantin gwangwani ne rataye da waya, iska na juya shi. A ƙarƙashinsa, daidai gwiwa, ga kafet ɗin shagonta an kafe a jikin bishiya, ƙananan ƙusoshi sun leƙo ta cikinsa. Wari ya doke ta har ta ja baya.

"Wannan kuma mene ne ya mutu?"

"Turarenta ke nan, mu muke shafa wa kafet ɗin. Ta hango farantin, ta kasa haƙuri, ta zo duba ko mene ne. Ta ji ƙanshi, ta goga kumatu, ƙusa ta riƙe mana gashi kaɗan. Ba tarko, ba ciwo."

"Wato son ganin ƙwaƙwaf ne ke kawo ta."

"Ke me ya kawo ki?"

Verna ta harare ta, amma dariya ta ƙwace mata.

A kan wannan kafet babu komai. Na bishiya ta gaba kuwa beyar, wata ƙatuwar dabbar daji, ta yage shi, ta bar baƙin gashi da farantin a lanƙwashe. Verna ta fara tunanin ko Wendell na da gaskiya, ga gwiwoyinta sun soma ƙara. A na ukun ne Noreen ta tsaya cak, ta nuna ƙasa. Sawu ne zagayayye, faɗinsa ya kai tafin hannun Verna, amma da ƙyar ya lotsa ƙanƙarar, kamar mai shi ba ta da nauyi. Ya zo gindin bishiyar, ya ɗan yi dabur-dabur, ya wuce cikin kurmi. A jikin ƙusoshin akwai gashi ruwan toka, mai laushi kamar audugar rimi.

Verna ta durƙusa ta daɗe tana kallo. Tambayoyi suka yi ta zubo mata: yaushe ta zo, ita kaɗai ce, tana ganinsu yanzu? Noreen na tsince gashin da hantsaki tana cewa, "Ban sani ba," har ta gaji da faɗa. Ta ce sawu kan ruɗi mutum, sai an auna gashin tukuna.

Sakamakon bai fito ba sai tsakiyar hunturu. Linkis ce, mace. Hukumar gandun daji ta cire wannan kurmi, wanda shi ne Wendell ke jira, daga wuraren da za a rage, aka tura Wendell wani gangare mai nisa, wanda ba zai shigu ba sai bazara.

Lahadin da ta biyo baya ya zo cin abinci gidanta kamar kullum, sai dai ko gaisuwar kirki bai yi ba. Ya ci naman barewa da dankali kansa a sunkuye. Verna ba ta ba shi haƙuri ba, don ba ta ga laifinta ba, amma ta san zaman banza na cin ransa. Sai da ta zuba masa kofi ya yi magana.

"Sawun nan. Da farce ko babu?"

"Babu."

"Hm. Sawun kyanwa ke nan, na kare da farce yake fitowa." Ya juya kofin a hannu. "Tana da 'ya'ya?"

"Ina zan sani?"

"Kin hau dutse kin sauko, ba ki tambaya ba?"

Ta ɗauko waya ta kira Noreen, ta buɗe murya don ya ji. Noreen ta ce gashi ba ya faɗin wannan. Sai an bi sawu an ga ko akwai ƙanana a bayan babba, kuma ƙanƙarar yanzu ta kai ƙugu, motarsu ba za ta hau ba.

Wendell ya matso da bakinsa kusa da wayar.

"Ina da babur ɗin kan ƙanƙara yana zaune a rumfa. Mutum biyu yake ɗauka."

"Uku," in ji Verna.

"Biyu, Yaya. Ke sai dai a ja ki a baya kamar itace."

Ta ce ta yarda, in dai zai shimfiɗa mata bargo.