Robar Salansa

Akwai laifin da ba a kai mutum gaban alƙali a kansa, amma yana cin mai shi har ƙashi: girman kan da ke hana babba ya dubi ƙaninsa ya ce, "Gaskiyarka."

Wani bakanike ne, gwanin salansa. Daga ƙarar mota yake gane inda bututu ya huje tun kafin ya shiga rami. Ƙaninsa direba ne, kowa Auta yake ce masa ko da yake furfura ta fara fito masa. Wata safiya Auta ya kawo tsohuwar motarsa gareji, don washegari za su ɗauko mahaifiyarsu daga asibitin wani gari inda ta yi jinyar ciwon ƙirji. Robar da ke rataye salansa ta tsufa, ƙarfen da ke ɗaure mahaɗar bututu ma tsatsa ta cinye shi.

Bakanike ya leƙa shagon maƙwabcinsa mai kayan mota. Na kamfani sun ƙare, sai irin waɗanda ake zubawa a kwali ba suna ba lamba.

"Maigida, wannan fa na kowace mota ne," in ji mai shago.

"Wato na babu mota ke nan," bakanike ya ce, suka yi dariya. Ya dai karɓa.

Auta ya tsuguna bakin rami yana kallo. Robar ta yi gajarta, sai da aka sa ƙarfe aka ja ta har ta yi fari a wuya. Maɗaurin kuma ya yi wa bututu yawa, noti ya kai ƙarshe amma bakin bai kama ba.

"Yaya, kamar bai zauna ba."

"Kai ka ɗaura ko ni?"

"A'a, na ga dai yana rawa. Ko mu jira na kamfanin?"

"Ikon Allah! Yaron da na goya, na share wa majina, yau shi ke koya mini salansa. Je ka riƙe sitiyarinka, malam direba."

Mutanen gareji suka kwashe da dariya. Auta ya yi murmushin yaƙe ya miƙe. Bakanike ya kai wa maɗaurin guduma har ya lanƙwashe ya kama, ya goge hannu a tsumma.

Washegari suka ɗauko Inna. Suka kwantar da ita a kujerar baya da matashi da bargo. Ta rame, amma bakinta na nan.

"Ku biyun nan a mota ɗaya ba faɗa? Lallai na kusa warkewa."

Suna barin gari aka kece da ruwa. Inna ta ce sanyi na shigar mata ƙirji, suka ɗaga gilasai duka. Can motar ta faɗa wani rami, sai ƙararta ta sauya, ta yi kauri, tana fitowa daga ƙarƙashin kujerar baya. Kunnen bakanike bai taɓa yi masa ƙarya ba. Ya san roba ta tsinke, bututu ya sauka, mahaɗa ta buɗe baki. Ya kuma san ƙasan motar nan ta baya duk huji ne, shi ya sha cewa zai liƙe.

Auta ya dube shi ta gefen ido.

"Yaya, in tsaya?"

Kalma ɗaya ake nema a bakin bakanike. Ya tuna dariyar gareji.

"Cikin ruwan nan? Ƙara ce kawai. Ja mu je."

Suka ci gaba. Kan bakanike ya fara sarawa, ya ce yunwa ce. Auta ya yi ta hamma yana murza ido. Ya waiga baya.

"Inna ta yi shiru."

"Ƙyale ta. Rabonta da barci mai daɗi tun yaushe?"

Sai da Auta ya ji amai ya taso masa ya taka birki, ya buɗe ƙofa ya durƙusa a bakin hanya. Bakanike ya zagaya ya buɗe ƙofar baya, warin hayaƙi ya buge shi. Ya kira Inna. Ya sake kira. Ya kama hannunta, hannun ya biyo shi ba nauyin rai.

Likitan da suka kai wa ita ya ce ƙirji irin nata ba ya jure abin da ta shaƙa.

Bayan an share makoki, bakanike ya shiga ƙarƙashin motar shi kaɗai. Rabin roba na lilo a jikin ƙugiya. Baƙin hayaƙi ya yi wa ƙasan kujerar baya fenti, daidai inda kanta yake.

Auta bai taɓa faɗa wa kowa ba. Dangi suka ce kwananta ne ya ƙare, ya ce haka ne. Har yau yana zuwa gidan yayansa ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambayi iyali, ya tashi ba tare da ya sha ruwan gidan ba.

Ga abin da bakanike ya rasa. Ya rasa uwa, a ranar da aka sallame ta da sauƙi. Ya rasa ƙane, ko da yake ƙanen na raye yana gaishe shi. Ya kuma rasa wanda zai zage shi a kan abin da ya yi, don mutum ɗaya ne ya sani, shi kuwa ya yi shiru.