Fayil Mai Shuɗin Bango

Shekara goma sha ɗaya ina buga takardu a ma'aikatar shari'a ta jiha, kuma abin da na fi ƙwarewa a kai shi ne buga abu ba tare da na karanta shi ba. Ido ya ɗauka, yatsa ya sauke, kai yana can yana lissafin cefane. Amma ranar Talata, da na iso lamba ta goma sha huɗu a jerin fursunonin da gwamna zai yi wa afuwa, sai da na tsaya na karanta. Sunan babana ne.

Baba direban babbar mota ne. An kama kayan da ba su bi ta kwastan ba a motarsa, mai kayan ya cika wandonsa da iska, kotu ta ba Baba shekara bakwai. Ya yi huɗu. Ciwon sukari ya cinye masa ido ɗaya, ɗayan ma yana kan hanya. Da 'yan kwamitin afuwa suka zagaya gidan yari, suka ga tsoho yana laluben bango, tausayi ya kama su suka rubuta sunansa. Babu wanda ya tambaya wace kotu ce ta ɗaure shi.

Ni kuwa na sani. A ofishinmu fayil ɗin da ya fito daga kotun jiha bangonsa kore ne, na kotun tarayya shuɗi. Cikin fayil talatin da ɗaya da aka jibge mini a tebur, shuɗi guda ne tak. Na cusa shi a tsakiya, kamar yadda mai tumatir ke ɓoye ruɓaɓɓe a ƙasan kwando. Sannan na yi wautar da har yau nake jin haushin kaina a kanta: na kira Mama a waya na ce mata Baba zai dawo ranar Litinin.

Kafin takarda ta je gaban gwamna sai ta bi ta hannun wani lauya da muke kira Jan Biro. Mutum ne da ko katin ɗaurin aure ka miƙa masa sai ya nemo inda aka manta waƙafi. Ranar Alhamis da hantsi ya aiko a kira ni. Na tarar ya baza fayilolin a kan tebur, shuɗin yana gefe shi kaɗai.

"Malama, na sha huɗun nan ya fita," ya ce. "Dokar kwastan ta tarayya ce. Gwamna ba shi da ikon yafe laifin da ba dokar jiha aka karya ba. Wannan sai shugaban ƙasa."

"Yallaɓai, ai gidan yarin ɗaya ne. Ɗaki ɗaya ma suke kwana da na sha biyar."

"Ɗaki ɗaya ne, amma ba hannu ɗaya ya rufe su ba. Haka tsarin mulki ya raba abin. Ke ce fa kike buga mana sashen nan duk shekara."

Gaskiyarsa. Na buga shi ya fi a ƙirga, ban taɓa sanin abin da ya ce ba.

"In gwamnan ya sa hannu a haka fa? Wa zai duba?"

Ya ɗago kai ya dube ni ta saman tabarau. "Shugaban gidan yari zai duba. In kuma bai duba ba ya buɗe, wata rana a je har gida a sake kamo mutumin a gaban iyalinsa. Kin san shi ne?"

"Babana ne."

Ya rufe biron, ya ajiye shi a hankali. Na yi zaton zan yi kuka, har na tanadi bakin mayafina, amma babu abin da ya zo. Fanka nake kallo, mai fiffike ɗaya a lanƙwashe, ina tunanin shekara nawa muna cewa a gyara ta.

"Akwai kwamitin afuwa na tarayya," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Zan rubuta musu da hannuna, yau ɗin nan."

"Yaushe suke zama?"

"An rushe tsohon. Ba a naɗa sabo ba tukuna."

Ban ji haushinsa ba, ko da yake na so in ji. Na koma teburina na buɗe jerin. Na goge layin Baba, kwamfuta ta gyara lambobin da kanta ba tare da ta tambaye ni ba. Na sha biyar, wanda ya banka wa shagon ƙaninsa wuta, ya hau na sha huɗu. Na fitar da kwafi uku, na haɗa su da ƙusa, na kai. Har abokiyar aikina ta miƙo mini biskit, na karɓa na ci.

Da la'asar na sauka a bakin layinmu. Tun daga ƙofa na ga an sauya gidan. An fitar da kujerar roba da bokitai daga hanya, an cike ramin da ke tsakar gida da siminti, bai ma gama bushewa ba. Rigunan Baba guda uku suna kan igiyar shanya. Mama tana tsaye a ƙofar ɗakinsa da guduma, ta kafa ƙusa a jikin bango, ta ɗaura mata wata sabuwar igiya fara.

"Yauwa, gara da kika zo," ta ce. "Daga nan zuwa banɗaki zan ja masa ita, ya riƙa bi da hannu. Kin san halin babanki, ba zai yarda a riƙe masa hannu kamar yaro ba."

"Mama," na ce.

"Ajiye jakar mana. Kama can bakin. Tsayin ƙugunsa nake so, kin fi ni tuna tsayinsa."

Na ajiye jakar. Na ɗauki bakin igiyar na taka har ƙofar banɗaki, taku goma sha ɗaya, na ɗaga ta daidai inda hannunsa zai kai.

"Nan ya yi?" ta tambaya.

"Ya yi."

"To ja da kyau, kada ta yi sako-sako ya faɗi."

Na ja.