Layin da Na Kashe

Ni na kashe layin, da hannuna, wata takwas da suka wuce. Ba wanda ya sa ni.

Aikinmu a ofishin nan shi ne mu sa kwamfuta ta kwaikwayi ƙanƙarar da ta lulluɓe ƙarshen duniya. Nauyinta ya danne ƙasa kamar ƙato a kan katifa. In ta narke, ƙasar kan taso a hankali, ta tokare sauran ƙanƙarar, ta rage mata saurin zamewa cikin teku. Lissafin tasowar nan shi ke cin lokaci. Ni kuwa ga gajen haƙuri. Ran nan ina wani gwaji na mayar da layinsa na cikin manhajarmu sifili, na rubuta a gefe: "Zan gyara gobe." Goben ba ta zo ba.

A kan wannan manhaja Yaya ta ɗora babin ƙarshe na digirinta na uku. Ba cikinmu ɗaya ba, teburinmu ne ke kallon juna, amma ita ta nemo mini ɗaki lokacin da na zo ban san kowa ba. Shekara shida tana fama, ga yara uku. Sakamakonta ya nuna ƙanƙara na zubewa da saurin da ba wanda ya taɓa samu, Farfesan da ke duba aikinta har da tafi. Ranar Alhamis za ta tsaya gaban masu jarraba ta.

Litinin da safe na buɗe fayil ɗin ina neman wani abu daban, sai ga rubutuna yana kallona. Wallahi na yi tunanin in gyara, in goge rubutun, in ja bakina in yi shiru. Har na ɗora yatsa. Kunyar wannan tunanin ta fi ta kuskuren ci na.

Sai ga Yaya da leda, ta zaro sabon mayafi.

"Ƙanwata, duba min. Bai yi wa tsohuwa ƙyalli da yawa ba?"

"Ya yi kyau."

"Ke, ko kallo ba ki yi ba. Wa ya mutu?"

Na juya mata allon kwamfutar, na nuna layin. Ta karanta. Ta cire tabarau, ta goge da bakin mayafin, ta sake karantawa.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ki fara babin."

"Wato ƙasar tawa ba ta taɓa tasowa ba."

"Yaya, don Allah ki..."

"In aka sake daga farko, sati nawa?"

"Sha ɗaya."

Na so ta zage ni, da na ji sauƙi. Ta ninke mayafin tsaf, ta mayar cikin leda, ta ɗauki waya ta kira mahaifiyarta, wadda za ta yi tafiyar kwana biyu don ta ga wannan rana.

"Mama, kin shiga mota? To ki sauko. A'a, lafiya lau." Ba ta dube ni ba. "Ni ce na yi kuskure a lissafi."