Ramin Intanet a Layin Inna

Motar shara ta ci birki a bakin layin. Direban ya leƙo ta taga, ya dubi ramin, ya dubi Sufeto.

"Ranka ya daɗe, motar nan fa ba ta da fiffike. Ko a rufe ramin, ko a haƙura da sharar."

Da ramin da sharar duk a wuyan Sufeto suke. Shi ne jami'in ƙaramar hukuma mai kula da kwasar shara, kuma tun da abokin aikinsa ya yi ritaya aka ƙara masa da sa ido kan kamfanin da ke shimfiɗa wayar intanet. Da bakinsa ya hana a rufe ramin sai injiniya ya zo ya duba bututun robar da wayar ke ciki. Injiniyan kuwa kullum yana hanya. Ramin ya datse bakin layin ya miƙe har ƙarshensa, shara ta yi tsibi a ƙofar kowane gida, ƙudaje sun samu wurin zama.

Wayarsa ta yi ƙara. Ciyaman ne.

"Gobe zan zo da baƙi da 'yan jarida su ga aikin intanet, kuma da layin nan za mu fara. In na ga ko leda ɗaya a ƙasa, ka haɗa kayanka. Ofishinmu na can bakin iyaka yana neman mutum."

Sufeto ya sauke wayar. Ofishin nan tafiyar yini ce. Mahaifiyarsa kuwa a wannan layin take zaune ita kaɗai, kuma shi ke yi mata allurar ciwon suga kowace safiya, don ta rantse ba mai soka mata allura sai ɗan da ta haifa.

Ya taka katakon da aka gitta a kan ramin, ya shiga gidan. Ya iske Inna a bakin taga ta ɗaga waya sama kamar mai shanya. A fuskar wayar ga ƙanwarsa da ke aure a ƙasar waje, ta daskare baki buɗe.

"Ka gani ko? Daga 'Inna' shi ke nan ta ƙame. Jikan nan nawa har yau goshinsa kawai na sani. Wai yaushe za ku kunna abin nan naku?"

Ya zauna ya zayyana mata halin da ake ciki.

"Wato rami ya hana a kwashe shara," in ji ta.

"E, Inna."

"Ita kuma shara za ta kore ka."

"Haka ne."

"To. Tashi ka tafi aikinka."

Yinin ranar bai tsinana komai ba. Ɗan kwangilar aikin wayar ya ce ai shi Sufeto ne ya hana a rufe. Wayar injiniya a kashe. Masu baro suka ce katakon ba zai ɗauke su da kaya ba. Da ya koma gida sai ya ce wa matarsa ta sauko masa da babbar jaka.

Da safe ya iso layin da allura a hannu, ya yi turus. Babu shara. An share ƙasa tas, har sawun tsintsiya ya fito. Babu rami kuma, sai jar ƙasa da aka daddaɓe. Matan layin na tsaye a ƙofofinsu suna kallonsa, kowace na jiran a yaba.

"Ga rami, ga shara," in ji Inna. "Ku 'yan boko sai ku yi ta taro a kai. Mun zuba, muka mayar da ƙasar da suka tono."

"Inna, akwai waya a ciki!"

"Wa ya taɓa ta? Lulluɓe ta ma muka yi."

"Me da me kuka zuba?"

"Komai mana. Leda, tsumma, ɓawo, tokar murhu. Mai gidan burodi ma ya taimaka da tasa tokar, baro guda, nan ƙofata aka juye."

"Da zafinta?"

"Wa ke da lokacin jiran toka ta huce, ana maganar aikinka?"

Bai kai ga amsawa ba motoci suka shigo. Ciyaman ya sauko, ya dubi layin daga farko har ƙarshe, ya dafa kafaɗar Sufeto yana gaya wa baƙi cewa irin waɗannan ma'aikata ake nema. Ɗan kwangila ya ga an rufe masa rami kyauta, ya ja bakinsa ya yi shiru. Motar shara ma ta shigo cikin taƙama, ta rasa abin ɗauka.

Ana jera mutane don hoto Sufeto ya ji warin roba na ƙuna. A ƙofar Inna, wani siririn hayaƙi na fitowa daga tsagin ƙasa. Ya matsa a hankali ya ɗora takalminsa a kai.

"Sufeto!" Ciyaman ya kira shi a gaban 'yan jarida. "Kai ne idonmu a nan. Komai lafiya a ƙarƙashin ƙasan nan?"

Sufeto ya dubi allurar da ke hannunsa. Ya dubi Inna a bakin ƙofa, ta ci ado, tana riƙe da wayarta. Tausayinta ya kama shi, kunya kuma ta rufe shi.

"Lafiya lau, ranka ya daɗe."

Aka yi tafi, aka ɗauki hoto. Tawagar ta yi gaba zuwa gidan burodi.

"Shigo ka yi mini allurar," in ji Inna. "Kuma ka ce musu su kunna yau. Na aika wa ƙanwarka ta yi wa yaron wanka ta sa masa kaya masu kyau."

"To, Inna," ya ce, amma bai ɗaga ƙafarsa ba. Zafin ya riga ya ratsa takalmin.