Gwiwoyin Kubura

…kuma ba su lanƙwashe ba. Gwiwoyin nan biyu, yau dai ba su ci amanarta ba!

Motar zuwa garinsu Babban Mutum na tsalle a ramuka, Kubura na matse tsakanin buhun gero da wata mai goyo, amma hankalinta na can Daura, ajin sabbin ɗaliban lauya, kotun gwaji. Farar riga, baƙin siket, farin hijabi. Tsaye. Ita, a tsaye!

Durƙusau. Sunan da suka laƙaba mata ke nan. Ranar farko ce ta ja mata… ta ga mutum cikin baƙar kwat, ta zube ƙasa, ina kwana Malam. Ashe ɗalibi ne. Jafaru, ɗan ajin gaba. Dariyar da aka yi, har da masu riƙe ciki. To laifi ne? Haka kakarta Iya ta rene ta. Ido ƙasa. Murya ƙasa. Babba na magana, ke dutse ce.

Ko kanti ta shiga, Durƙusau a kawo miki tabarma? Ta ɗaure kayanta za ta gudu gida, ta kwance, ta sake ɗaurewa. Lauyar da ba ta iya kallon idon mutum, wa zai ba ta shari'arsa? Malamin ajinsu ma ya faɗa: wanda ya kasa tsayawa yau, ya nemi wani sashen.

Chisom 'yar ajinsu ce ta mintsine ta. 'Yar mai kayan gyaran mota na bakin tasha, haihuwar Daura. "Ke, tashi mana! Alƙalin nan fa ɗalibi ne, jiya na gan shi yana lasar yajin awara."

Ta tashi. Gadon wata marainiya aka ba ta ta kare, Jafaru na tsaya wa baffan da ya riƙe gonar. Turanci yake zubawa kamar ruwan Agusta. Ita kuwa gwiwa na cewa sauka, sauka…

Marainiya — ita ma fa haka take — ƙofar mai gari, tana ƙarama, riƙe da gefen zanin Iya. Baffanta na cewa gonar ubanta tasa ce. Iya fa? Iya ba ta durƙusa ba ranar! Tsaye take ƙyam, ido cikin ido da dattawa. Yaya aka yi ta manta wannan?

Sai murya ta fito. Ayar gado, tiryan-tiryan, har kujerar baya. Idonta cikin na Jafaru, shi ne ya fara kawar da kai. Shi! Sai dukan tebur ta ko'ina.

"Allah ya ja zamanin Barista Durƙusau," in ji Jafaru a bakin ƙofa, hannu a ƙirji.

"Amin, Malam."

Aka kwashe da dariya, amma yau tare da ita ake yi. Su riƙe sunan ma. Nata ne, ta saye shi.

Mota ta tsaya. Lungu, zaure, tsakar gida. Ga Iya a tabarma tana jan carbi. Gwiwoyin suka sauka da kansu, wayyo daɗi, ashe sun gaji… Sannu da gida, Iya.

Amma idon — idon ya ƙi sauka. Yana cikin na Iya. Sauka mana… ya ƙi.

Carbin ya tsaya. Iya na kallonta, tana kallonta. Tsawa ce ke tafe? Ko wancan abin da ke motsi a gefen bakin tsohuwar…