Gilasan Tsoho Gennadi

"Ba haka ake ɗaukarsa ba," in ji Gennadi. "Hannu biyu, Lorne. Kamar jariri."

Lorne Mazur ya sa ɗaya hannun a ƙarƙashin gilashin kyamarar, ya kwantar da shi a gurbinsa cikin akwati. Shekara ashirin da ɗoriya yana saukowa wannan ɗakin ƙasa na arewacin titin Bathurst, yana ɗaukar gilasan nan yana ajiyewa, amma har yau sai tsohon ya koya masa riƙo.

Baƙaƙe ne, masu nauyi kamar dutsen guga, fentinsu duk ya koɗe. A Leningrad aka ƙera su tun zamanin Tarayyar Sobiyet, Gennadi kuma ya fito da su a naɗe cikin rigunan sanyin matarsa lokacin da ƙasar ta watse. Duk wanda ke cin abinci a harkar fim a Toronto ya san da zamansu. Haske in ya ratsa su sai ya yi laushi, fitila ta ja wani shuɗin layi a faɗin hoto, fuskar baƙo ta fito kamar ta wanda ka taɓa sani. Manya sun roƙi aro, ƙanana sun roƙa, tsohon ya hana kowa.

Har da Lorne. Shi aikinsa murza saiti ne. Yana tsaye a gefen kyamara, hannunsa a kan zoben gilashi, ɗan wasa ya matso ya murza, ya ja baya ya murza, don kada hoto ya yi dishi-dishi. A wannan fanni ba shi da na biyu a garin, mu da muka yi aiki da shi mun shaida. Amma ba don wannan ya shigo harkar ba. So yake ya zama mai ido a jikin kyamara, mai cewa a kunna wannan fitila a kashe waccan. Sau biyu ya samu ƙaramin fim da zai ɗauka da kansa, sau biyu ya sauko nan ya roƙi gilasan, Gennadi ya girgiza kai ya ce, "Da saura, Lorne, da saura." Yau kuma ga shi yana loda su a akwati domin Noreen Baptiste, wadda shi da hannunsa ya koya mata ɗura fim a cikin baƙar jaka ba tare da haske ya taɓa shi ba. Ita aka bai wa ɗaukar babban fim, ita ta ɗauke shi aiki.

Sai ga ta ta sauko tana buga takalma a matakala, dusar ƙanƙara na zuba daga jikinsu.

"Oga Lorne, har ka riga ni?"

"Ai dole wani ya ɗauki kaya, ranki ya daɗe."

"Ka fara ko? Tun da safe?"

"'Yata, zauna, zauna," in ji Gennadi, jikinsa har rawa yake. "Shayi tukuna."

Ya zuba mata a kofin gilashi mai mariƙin azurfa, ya ajiye mata ɗan faranti na jam ɗin ceri, wani zaƙi na 'ya'yan itace, a gefe. Lorne ya sha shayi a ɗakin nan ba adadi, kullum a wani tsohon kofi mai ɓantararren baki, jam ɗin kuwa ko cokalinsa bai taɓa gani ba. Ya san abin bai kai a sa shi a rai ba. Ya sa shi.

Gennadi ya nuna gilashi na tsakiya a akwatin. "Wannan mai lamba saba'in da biyar ɗin, ki lallaɓa shi. Ya fi duka kyau, ya fi duka taurin kai."

"Kamar wani da na sani," in ji Noreen, tana kallon Lorne ta saman kofi.

Suka yi dariya su biyu. Lorne ya rufe akwatin. Shi ya san taurin kan da ake nufi fiye da mai faɗa, a ganinsa. Lambobin da ke jikin zoben gilashin gaskiya suke faɗa in mutum yana nesa. Amma da zarar ya matso ƙasa da mita biyu sai su fara ƙarya, sai ka wuce lambar da faɗin yatsa kafin ido ya fito fes. Shi kaɗai ya gano haka, a ranakun Asabar da ya ɓata a ɗakin nan yana gwaji a kan fuskar kyanwar tsohon, kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Da la'asar suna bakin tafki, kusa da inda jiragen fito ke tsayawa. Iska na yanka kunne. Ma'aikata sun shimfiɗa wayoyi, kowa na rawar sanyi da kofin kofi a hannu. Noreen na can tana nuna wa masu fitila inda za su tsaya, su kuwa sai "to, to" suke yi, har da Ferreira, ƙaton nan da ko darakta ba ya wa magana sau ɗaya ya ji. Lorne yana kallo yana jin wani abu na cin ƙirjinsa. Hassada ce, ba ta da wani suna. Abin da ya fi ƙona shi shi ne duk inda ta ce a sa fitila, nan ɗin ne daidai.

Doug Halloran, furodusan fim ɗin, ya raɓo kusa da shi kamar mai neman wuta.

"Tsakani da Allah, Lorne, tarkacen 'yan gurguzun nan za su yi kuwa?"

"Ni ɗan murza zobe ne, Doug. Ka tambayi mai ido."

"Na tambaye ta, ta yi mini wa'azi a kan laushin haske. Ni haske mai laushi zan kai wa masu fim ɗin?" Ya kurɓi kofi, ya rage murya. "Jarumarmu Madam Odette yau take tafiya, jirginta na jiranta, ba kuma za ta dawo ba ko za mu yi kuka. Wannan fitowar ita ce ƙarshen fim. In gobe aka wanko fim na ga hazo a fuskarta, gilasan nan su koma ramin tsohon, ita ma yarinyar ta bi su." Ya dubi Lorne ta gefen ido. "Kai ka taɓa ɗaukar fim da kanka, ko ba haka ba?"

"Sau biyu."

"To," in ji Doug. Ya dafa kafaɗarsa ya wuce.

"To" ɗin nan ta zauna wa Lorne a kunne ta ƙi fita.

Fitowar ba ta da wuya a baki. Madam Odette, tsohuwar jarumar da aka ɗauko daga Montreal, za ta taho daga ƙarshen gadar katako, rana na faɗuwa a bayanta, ta yi ta matsowa har ta tsaya dab da kyamara, ta ɗaga kai. Shi ke nan. Amma ranar hunturu ba ta jiran kowa, hasken da Noreen ke so kuwa bai fi a ɗauka sau ɗaya ba.

"Oga, sa mini na saba'in da biyar," in ji Noreen. "Ka buɗe ƙofar haskensa gaba ɗaya."

"Gaba ɗaya? In ta yi numfashi da ƙarfi ma sai ta fita daga saiti."

"Shi ya sa na ɗauko ka, ai."

Ya ɗaura gilashin. Ya ja igiyar awo daga jikin kyamara har zuwa ƙarƙashin idon Madam Odette, a inda za ta tsaya. Mita ɗaya da rabi. Ya dawo, ya yanki farin salatif, ya manna shi a kan zoben, daidai kan lambar, ba gaba ba baya. Kowa na gani, kowa zai iya shaida cewa ya auna kuma ya bi lamba. In gobe hoto ya fito da hazo, ba wanda zai ce laifin Lorne Mazur ne. Za a ce tsohon gilashi ne, za a ce wadda ta dage a kansa ce. Fim kuwa ba irin kyamarorin yanzu ba ne da za a leƙa allo nan take, sai an kai an wanke kafin a san abin da aka kamo.

Noreen ta sa ido a maleƙin kyamara, ta ɗago tana goge shi da gefen safar hannunta.

"Numfashina sai raɓa yake sa wa abin nan, da ƙyar nake ganin ta. Da kai na dogara fa, Oga."

"Ki ji da naki," in ji shi, bai kalle ta ba.

Aka yi tsit. Kyamara ta fara ɗan gurnaninta. Darakta ya ce, "Akshin!"

Madam Odette ta taho a hankali, rigar sanyinta na kaɗawa. Lorne ya sa yatsu uku a kan zoben ya fara bin ta. A ransa yana ta maimaitawa: a kan farin salatif za ka tsaya, a kan farin salatif. Sai dai mai murza saiti ba zobe yake kallo ba, mutum yake kallo, haka ya koya, haka ya koyar. Idonsa na kan ƙafarta, sannan kafaɗarta, sannan haɓarta. Ta wuce turken ƙarshe na gadar. Ta ɗan yi turus, ya ɗan yi turus. Ta ƙara taku, ta tsaya, ta ɗaga kai, rana ta zubo ta gefen gashinta, wani hawaye da babu shi a rubutun fim ya taru a idonta na hagu ya ƙi zuba.

"Kat!"

Wurin ya kaure da tafi mai daɗewa, tafin safar hannu da ba ya ƙara. Lorne ya sunkuyar da kai ya dubi zoben. Farin salatif ɗin ya wuce alamar da ya kamata ya tsaya a kai da faɗin yatsa. Bai san lokacin da ya wuce ba. Ya tsaya yana kallon hannunsa kamar na wani, haushi ya turnuƙe shi har ya ji ɗaci a bakinsa.

"Oga, ya yi?" in ji Noreen.

Wannan ita ce tambayar da ake wa mai saiti bayan kowace ɗauka, kuma maganarsa ce ake bi. Ya ji bakinsa na shirin cewa a sake, ko zai samu ya yi ɓarnar da ya kasa yi. Ya ɗaga kai, rana ta riga ta faɗa bayan dogayen gine-gine.

"Ya yi," in ji shi.

Washegari da hantsi suka taru a ƙaramin ɗakin kallo na gidan wanke fim. Gennadi ma ya zo, da tsohuwar kwat da nakatayi, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Aka kashe wuta. Madam Odette ta taho a bango, ta matso, ta ɗaga kai. Bayanta duk ya narke ya zama zinariya, shuɗin layin nan ya ratsa sama, idonta kuwa tar, har gashin ido mutum zai iya bi ɗaya bayan ɗaya, hawayen na rawa a gefe. Ba wanda ya yi tari.

Da aka kunna wuta Doug ne ya fara miƙewa.

"Ni dama tun farko na ce gilasan nan na daban ne!"

"Haka ka ce, Doug," in ji Noreen. "Duk mun ji ka."

Gennadi ya kama kanta da hannu biyu ya sumbaci goshinta, yana wani surutu da Rashanci, idonsa ya cika. Darakta ya rungume ta, Ferreira ya ɗaga ta sama. Lorne na zaune a layin baya, ba wanda ya juyo. Haka sana'ar take, ba a tuna mai saiti sai ranar da ya kuskure.

"Dattijo," in ji Doug, "ina da wani fim a bazara. Ka ba ni haya, ka faɗi abin da kake so."

"A'a," in ji Gennadi. "Ita ma da sharaɗi na ba ta."

Noreen ta yi dariya, ta juyo sai a lokacin. "Cewa ya yi in ba Lorne ne a kan zobe ba, ko murfinsu ba zan taɓa ba."

"Na saba'in da biyar ɗin nan maƙaryaci ne in an matso," in ji Gennadi. "Tun a Leningrad haka yake. Duk garin nan hannu ɗaya ne ya san shi. Na sha ganinsa yana gwaji da kyanwata, yana zaton barci nake." Ya nuno layin baya da haɓa. "Shi ba ya bin lamba. Ko ya so, ba zai iya ba."

Lorne ya ji kunnuwansa sun ɗauki zafi. Ya miƙe a hankali, ya tako har inda tsohon yake, ya yi maganar ƙasa-ƙasa.

"To in haka ne, Gennadi, me ya sa da na zo da nawa fim ɗin ka hana ni? Sau biyu."

Tsohon ya dube shi da mamaki na gaskiya, kamar an tambaye shi me ya sa ruwa yake jiƙa mutum.

"Kai? Haba, Lorne. In ka koma bayan kyamara, wa zai murza maka saiti?"

Ya ɗan bubbuga masa kunci da ƙauna, ya juya wajen Noreen yana tambayar ko ta karya kumallo.

Lorne ya tsaya a wurin har mutane suka fara fita. Motar ma'aikata na jira a waje, yau a wata tsohuwar coci za a yi aiki. Akwatin gilasan na ajiye a bakin ƙofa inda ya bar shi, ya je ya sunkuya.

"Hannu biyu!" in ji Gennadi daga baya.

Ai ya riga ya sa.