Albasar Jiya

Alhaji Rabe, dillalin albasa a kasuwar Bodija, ya hana kiɗa a gidansa na unguwar Sabo. Shirme ne, in ji shi.

Ranar Juma'a bayan la'asar yana zaune a ƙofar gida, sai mai tsiren tsallaken titi ya kunna kalangu a waya, irin wanda ake kaɗa wa mahautan garinsu. Ƙafar Alhaji ta fara motsi. Can sai ga hawaye.

'Yarsa Sakinat ta fito da shayi. "Baba, kuka kake yi?"

"Albasa ce."

"Ai yau ba ka je kasuwa ba."

"Ta jiya ce!" Ya goge ido da hannun riga. "Ke, je ki ce masa ya ƙara murya, in ji iyakar shirmen."